Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi: Tarken Fim Ɗin Tetris

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya yi ƙuruciya ko samartaka a biranen ƙasar nan a shekarun 1990 bai taɓa riƙe 'yar na'urar nan ta roba mai aiki da batir ba, wadda tubala ke zubowa daga samanta, mai wasa yana jujjuya su yana jerawa, layin da ya cika ya ɓace. Abin da ke cikin wannan na'ura kwaikwayo ne na wasan da ake kira Tetris. Mun buga shi a gida da makaranta, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar wanda ya ƙago shi, balle a kai ga tambayar ko ya ci moriyar guminsa.

A watan Maris na shekarar 2023 kamfanin Apple ya fitar da wani fim mai suna Tetris a kafarsa ta Apple TV+. Noah Pink ne ya rubuta shi, Jon S. Baird ya ba da umarni, Taron Egerton kuma ya fito a matsayin babban tauraro. Fim ɗin ya ba da labarin kokawar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 a kan lasin sayar da wannan wasa, wadda ta haɗa wani ɗan kasuwa mazaunin Japan da wasu attajiran Ingila da jami'an gwamnatin Tarayyar Sobiyet. A wannan tarke za mu duba zubinsa da jigonsa da taurarinsa da salonsa, da ma'aunin da muka saba auna wasan kwaikwayo da shi. Ra'ayinmu shi ne, fim ɗin ya tsinci labari mai ƙarfi a cikin takardar yarjejeniya, amma ya ji tsoron dogara da shi, kuma a garin neman abin da zai riƙe mai kallo ya ture mai fasaha gefe ya ɗora dillali a kan karaga.

2.0 Tushen Labarin

Tun da yake fim ɗin ya jingina kansa da tarihi, ya dace mu fara shimfiɗa tarihin, domin mu ga inda ya bi shi da inda ya saki hanya.

Alexey Pajitnov ma'aikaci ne a Cibiyar Kwamfuta ta Hukumar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Mosko. A tsakiyar shekarun 1980 ya ƙago Tetris, kuma kamfanin da ke riƙe da wasan yana lissafa haihuwarsa daga 1984. Ya rubuta shi ne a kan wata kwamfuta mai suna Electronika 60 wadda ba ta iya zana hoto, har sai da ya yi amfani da alamomin rubutu wajen siffanta tubalan. Siffofi bakwai ne kacal a wasan, kowace da murabba'i huɗu. Wani matashi ɗan shekara 16, Vadim Gerasimov, ya taimaka aka mayar da shi kan kwamfutar IBM, daga nan ya bazu hannu da hannu a kan faifai har ya isa ƙasar Hangari.

A can ne Robert Stein, mai kamfanin Andromeda Software na Landan, ya gan shi a 1986. Ya aika saƙo Mosko, aka ba shi amsa mai nuna sha'awar tattaunawa, shi kuwa ya ɗauki amsar tamkar an sallama masa. Sai ya shiga cinikin biri a sama: ya sayar da lasin ga Mirrorsoft na attajirin jaridu Robert Maxwell da kuma Spectrum HoloByte na Amurka, alhali bai sa hannu a takarda da hukumar Elorg ba sai 1988. Elorg ita ce hukumar gwamnatin Sobiyet mai kula da cinikin kayan kwamfuta da ƙasashen waje. Waɗanda Stein ya sayar wa su ma suka sayar wa wasu, har igiyar ta kai ga Henk Rogers, haifaffen Holan mai kamfanin Bullet-Proof Software a Japan, wanda ya fara ganin wasan a bikin baje kolin kayan lantarki na Las Vegas a 1988.

A lokacin kamfanin Nintendo yana shirin fitar da na'urar wasa ta hannu mai suna Game Boy. A watan Fabrairu na 1989 Rogers ya shiga Mosko da bizar yawon buɗe ido don neman lasin na'urar hannu, ya tarar Stein da Kevin Maxwell, ɗan Robert Maxwell, su ma sun iso a makon. Jami'in Elorg, Nikolai Belikov, ya gana da su ɗaya bayan ɗaya. Da Rogers ya nuna masa kaset ɗin Tetris da yake sayarwa a Japan na na'urar da ake jonawa da talabijin, sai Belikov ya ce Elorg ba ta taɓa ba kowa wannan lasi ba. Daga nan ya sa Stein ya sa hannu a gyararriyar yarjejeniya wadda ta fayyace ma'anar kalmar "kwamfuta" da cewa na'ura ce mai allon kallo da allon maɓallan rubutu da ma'ajin faifai da sauransu. Da wannan fayyacewa duk lasin na'urorin talabijin da aka yi ta sayarwa a bayan Stein ya tashi a tutar babu. Rogers ya sami lasin na'urar hannu, a watan Maris kuma Minoru Arakawa da Howard Lincoln na reshen Nintendo na Amurka suka zo Mosko suka karɓi na na'urar talabijin. Robert Maxwell ya kai ƙara har gaban Mikhail Gorbachev, bai yi nasara ba. A watan Yuni na 1989 wata kotu a Amurka ta hana kamfanin Tengen, reshen Atari Games, ci gaba da sayar da nasa Tetris ɗin. Na Game Boy kuwa an sayar da kimanin miliyan 35.

Shi fa Pajitnov? Ya riga ya sallama wa gwamnati haƙƙinsa na tsawon shekara 10. Ya ƙaura Amurka a 1991, kuma bai fara karɓar kasonsa ba sai 1996, lokacin da shi da Rogers suka kafa The Tetris Company.

3.0 Zubi da Tsari

An zuba fim ɗin ne a kan tsarin wasan bidiyo. An kasa shi mataki-mataki kamar yadda mai wasa ke hawa daga mataki zuwa na gaba, ana kuma gabatar da manyan taurari a matsayin ɗan wasa na ɗaya, na biyu, da sauransu. Farkon labarin ya zo ta bakin Rogers yana lallashin manajan bankinsa ya ba shi rance. Wannan dabara ta yi amfani, domin ta ba marubucin damar warware sarƙaƙiyar wa ya sayar wa wa cikin 'yan mintoci, ta hanyar mai neman bashi wanda dole ne ya yi bayani dalla-dalla. Sai dai kuma tun daga nan aka yanke hukuncin ko labarin wane ne za a ji. Muryar da ta fara ba mu labarin Pajitnov muryar mai tallar hajarsa ce, kuma da idon mai tallar za mu ci gaba da kallonsa har ƙarshe.

Idan muka kasa fim ɗin gida uku, kashi na farko zirga-zirga ne tsakanin Las Vegas da Tokiyo da Siyatil da Landan, kashi na biyu zaman ciniki ne a ofishin Elorg, na uku kuwa tsere ne da jami'an leƙen asiri. Kashi na biyun shi ne ƙashin bayan fim ɗin, kuma a nan ne marubucin ya nuna ƙwarewa. An ajiye mutum uku a ɗakuna uku, kowanne yana zaton shi kaɗai ne a gidan, Belikov yana fita daga wannan ya shiga wancan, yana ɗauko maganar wani ya auna ta da ta wani. Mai kallo ya san abin da ko ɗayansu bai sani ba, saboda haka kowace kalma da suka furta tana da nauyi biyu a kunnensa. Duk wanda ya san tatsuniyar gayyar Gizo, inda ya gayyato kaza da muzuru da kare da kura kowa bai san da zuwan na gaba da shi ba, zai gane wannan zubi nan take. Ba a bukatar komai a nan sai tebur da takarda da tafinta, har ana iya ɗauke wannan kashi a sa shi a dandamali ba tare da ya rasa armashinsa ba.

Kashi na uku shi ne inda ginin ya karkace. An shigo da barazana da duka da hoton ɓata suna, aka rufe da tseren motoci zuwa filin jirgin sama, Pajitnov na tuƙi, jami'ai na biye. Rogers da Pajitnov, waɗanda suka duba rubutun fim ɗin suka ba da shawara, sun faɗa a fili cewa ba a yi wannan tsere ba. Ba ma zargin marubuci don ya yi ƙage, domin ƙage haƙƙinsa ne. Abin da muke tambaya shi ne ko ƙagen ya ƙara wa jigo ƙarfi. A ganinmu ya rage masa, saboda rikicin da aka ƙulla da kalma an warware shi da gudun mota. Haka kuma fim ɗin bai bi shari'ar Nintendo da Tengen ba, alhali a can ne ma'anar kalmar nan ta "kwamfuta" ta nuna ƙarfinta a gaban alƙali.

4.0 Jigo da Warwararsa

Babban jigon fim ɗin shi ne mallakar abin da tunani ya haifa. Tetris ba shi da nauyin da za a ɗora a sikeli, kuma kofe shi ba ya rage wa mai shi komai a hannu. Abin da ake saye da sayarwa izini ne kawai, iznin kuma yana zaune ne a cikin jimlolin yarjejeniya. Wannan ne ya sa fayyace ma'anar kalma ɗaya ta rushe cinikin miliyoyi. Ga ɗalibin harshe da adabi babu darasin da ya fi wannan daɗi, wato ganin ilimin ma'ana ya fito daga aji ya shiga kasuwa yana raba dukiya. Akwai kuma ƙananan jigogi da suka tallafa wa babban, kamar amana tsakanin baƙo da ɗan gari, da kwaɗayin manya, da halin da ma'aikata ke shiga idan daula ta kama hanyar rushewa.

Wajen warware jigon ne muke da ja. Fim ɗin ya tsara amsarsa kamar haka: tsarin gurguzu ya hana mai fasaha cin guminsa, ɗan kasuwa mai gaskiya daga ƙasashen jari-hujja ya zo ya cece shi. Rabin farko na wannan magana gaskiya ne, domin Pajitnov ya kwashe shekaru wasansa na tara wa wasu dukiya shi yana kan albashinsa. Rabi na biyun kuwa yana bukatar gyara. A 1979 wasu masu rubuta wasanni huɗu suka fice daga kamfanin Atari na Amurka suka kafa Activision, saboda an hana su kaso daga cinikin wasannin da suka rubuta, an kuma hana a sa sunayensu a jiki. Wani abokin aikinsu, Warren Robinett, sai da ya ɓoye sunansa a wani ɗaki na asiri cikin wasan Adventure kafin duniya ta san shi ya yi shi. Ita kanta Game Boy ɗin da ake ta rububi a kanta, Gunpei Yokoi da ma'aikatan sashensa ne suka ƙera ta, kuma mallakar Nintendo ce. Ke nan kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi al'ada ce da ta game gabas da yamma, bambancin kawai a can gwamnati ce gardin, a nan kuwa kamfani. Fim ɗin ya haska laifin ɓangare ɗaya ya rufe ido ga na ɗayan, kuma ba mamaki, tun da shi kansa hajar wani babban kamfani ne.

Wajibi ne mu yi wa Rogers adalci. Tarihi ya nuna ya riƙe amanar abokinsa, ya taimaka masa wajen ƙaura, daga baya kuma suka yi tarayya a kamfani. Amma halin kirkin mutum ɗaya ba ya wanke tsari. Fim ɗin ya rufe da haɗuwar abokan biyu a filin jirgin sama a Amurka, cikin murna, aka taƙaita abin da ya biyo baya a 'yan layukan rubutu. Mai kallo zai tashi yana jin an biya mai haƙƙi haƙƙinsa, alhali a wannan rana saura masa shekara biyar na jira.

5.0 Taurari

Taron Egerton ya fitar da Rogers a matsayin mutum mai zaƙin baki da naci, wanda ya jinginar da gidansa a kan wasan da ya yi imani da shi. Ya iya sa mai kallo ya so shi, amma an gina shi miƙaƙƙen tauraro, wato mai hali ɗaya daga farko har ƙarshe. Matsalar gidansa, ta rashin halartar wasan makarantar 'yarsa Maya da ɓacin ran matarsa Akemi, tsohuwar dabara ce da aka liƙa don a ce yana da abin asara.

Nikita Efremov, wanda ya fito a Pajitnov, ya yi aiki da shiru da kallo fiye da magana, kuma a fuskarsa muke karanta halin mutumin da ya saba auna kowace kalma kafin ya furta ta. Abin takaici shi ne an ba shi fili kaɗan. Fitowar da ta fi kowace taɓa zuciya ita ce wadda ya kai Rogers gidansa suka zauna gaban tsohuwar kwamfuta suna gyara wasan tare, domin a nan kaɗai muka ga daɗin ƙirƙira. To amma ko a nan ɗin, marubucin ya sa shawarar gyaran ta fito daga bakin Rogers, wato ya gutsura wa dillali wani abu daga fasahar ma. Gerasimov kuwa, wanda ta hannunsa wasan ya hau kwamfutar da ta fitar da shi duniya, ba a ba shi gurbin a zo a gani ba.

A ra'ayinmu tauraron da ya fi cika shi ne Belikov, wanda Oleg Shtefanko ya fito a madadinsa. Ma'aikacin gwamnati ne da ya fara da zargi da tsare gida, ya gano an cuci ƙasarsa, ya koyi dabarun 'yan kasuwa cikin kwanaki, ya juya su a kansu, yana kuma sane da cewa na sama da shi na iya murƙushe shi. Shi ne ya sauya, shi ne ya yi zaɓi mai tsada. Da an ba da labarin ta idonsa da an sami wasan kwaikwayo mai zurfi.

A ɓangaren miyagu, Roger Allam ya fitar da Robert Maxwell da girman kai da barazana, Anthony Boyle ya fitar da Kevin a matsayin ɗan da ke neman yardar uba, Toby Jones kuma ya ba Stein kamannin ƙaramin dillalin da ciniki ya fi ƙarfinsa. Sai aka ƙago wani jami'i maci hanci, Valentin Trifonov, aka ɗora masa duk muguntar daular Sobiyet. Wannan ƙari bai zama dole ba, domin tarihi ya riga ya ba marubucin mugun da ya ishe shi. Robert Maxwell ya mutu a teku kusa da tsibiran Kanari a watan Nuwamba na 1991, bayan mutuwarsa kuma aka gano ya kwashe ɗaruruwan miliyoyin fam daga asusun fanshon ma'aikatansa. Ita ma Sasha, tafintar da ta zama 'yar leƙen asiri, an fi amfani da ita wajen juya akalar labari fiye da gina ta a matsayin mutum.

6.0 Salo

Salon da ya fi fitowa fili shi ne shigo da zane irin na wasannin bidiyo na shekarun 1980, mai manyan ɗigo-ɗigo, a duk lokacin da za a sauya gari ko mataki. Da farko yana ƙayatarwa, yana kuma taimaka wa mai kallo ya san inda yake. Amma da aka kai tseren ƙarshe, inda motocin ke rikiɗa su koma zane idan sun yi karo, sai salon ya ci amanar manufarsa, domin ba za a ce wa mai kallo rayuka na cikin haɗari ba kuma a nuna masa wasa ne.

Wajen launi, an rina Mosko da toka-toka da duhu, aka bar wa Tokiyo da Siyatil haske. A biranen Glasgow da Aberdeen na Sukotlan aka ɗauki yawancin abin da aka nuna a matsayin Mosko. Wannan rabon launi hukunci ne da aka yanke wa ɓangarorin biyu tun kafin su buɗe baki. Inda fim ɗin ya cancanci yabo shi ne harshe. An bar Rashawa suna magana da Rashanci, Japanawa da Japananci, aka sa tafinta a tsakiya, har mai kallo yana jin fargabar mutumin da dukiyarsa ta rataya a kan fassarar da ba zai iya tantancewa ba. A fannin kiɗa, Lorne Balfe ya yi ta jujjuya karin nan da aka san Tetris da shi. Asalin karin waƙar gargajiya ce ta Rasha mai suna Korobeiniki, ma'ana 'yan koli, wadda ta samo tushe daga waƙar Nikolai Nekrasov ta 1861. Ko da gangan ko bisa katari, babu karin da ya fi dacewa da fim ɗin da 'yan koli suka mamaye.

Ya kamata kuma mu lura da zamanin da fim ɗin ya fito. A shekarar 2023 ɗin aka fitar da Air, a kan cinikin takalmin Nike, da BlackBerry, a kan wayar hannu. Wannan wani yayi ne na mayar da tarihin haja ya zama labarin jarumtaka, inda sa hannu a takarda ke maye gurbin cin gari da yaƙi. Tetris ɗan wannan gida ne, kuma ya gaji kyawunsa da aibinsa.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa fim ɗin Tetris ya yi nasara wajen mayar da zancen lasi, wanda bisa al'ada busasshe ne, ya zama abin da ake kallo da ɗoki, musamman a fitowar ɗakuna uku ta ofishin Elorg. Mun kuma ga ya yi rauni a wurare uku: ya warware rikicin kalma da tseren mota, ya ƙago mugu alhali yana da na gaske, kuma ya ba da labarin mai fasaha ta bakin mai sayar da fasaharsa. Duk da haka muna ba ɗalibanmu shawarar su kalle shi, su riƙe kashi na biyu a matsayin misalin yadda ake ƙulla rikici da zance kaɗai.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin masu waƙoƙi da gajerun labarai a wannan mujalla wata rana za a miƙo musu takarda, daga maɗaba'a ko daga mai shirya fim, a ce su sa hannu. Stein ya sa hannu a gyararriyar yarjejeniya hankalinsa na kan wasu sharuɗɗan kuɗi, bai tsaya a kan layin da ya fayyace kalma ɗaya ba, ya rasa mafi tsokar cinikin. Pajitnov ya sallama shekara 10 a lokacin da ba shi da zaɓi. Marubucin da yake da zaɓi, ya kamata ya tambayi ma'anar kowace kalma a takardar, da tsawon wa'adinta, da irin bugun ko fim ɗin da ta ƙunsa, tun alƙalami bai taɓa ta ba.